Jirgin Ƙasana da Geron Baba Haru

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta (kuma Allah ya sani na gwada), da ranar da na tara mutanen biki a ɗakina don in nuna musu wayewa, na ƙare a durƙushe gaban surukina ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Shekara uku ke nan, amma har yau in na bi ta layin masu hatsi a kasuwa sai in ji wuyana ya yi nauyi.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Zinder, lissafi da kimiyya nake koyarwa, don haka kowa Mushe yake ce min, yadda ake kiran malami da Faransanci, har matata Rakiya in ranta ya ɓaci. A lokacin nan ina fama da wata cuta wadda ba a sayar da maganinta: gani nake duk garin nan ni kaɗai Allah ya ba kai, sauran jama'a wurin ajiye hula kawai aka ba su.

Wata Alhamis ina yawo wajen masu gwanjo sai na ga wani kwali ya sha ƙura a ƙarƙashin tsofaffin takalma. Na buɗe, sai ga ɗan jirgin ƙasa: baƙin kan jirgi wanda bai fi tsawon tafin hannuna ba, taragu shida, guntayen layin dogo masu haɗuwa da juna, da wata 'yar na'ura da ake jonawa a kuran, wato wutar lantarki. Mai kayan ya ce, "Mushe, ka saya wa yara." Na dube shi sama da ƙasa. Yara! Na ce a raina, ka ji jahilci, mutum yana zaune a kan ilimi yana kiransa abin wasa. Na ɗaure kwalin a bayan babur na taho gida kamar wanda ya ɗauko amarya.

Kun dai san Damagaram ba ta da jirgin ƙasa. Tun muna yara ake cewa yana nan tafe, kakanninmu ma an ce musu yana nan tafe. To ni sai na ɗaura niyyar in kawo shi da hannuna. Na kwashe kayan Rakiya daga ɗakin ajiya, na sa kafinta ya buga min tebur mai faɗin ƙofa biyu, na duƙufa kallon wasu tsofaffin Turawa a telefon, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a wannan aiki. Duwatsun Zinder na yi su da jiƙaƙƙun takardun jarrabawar ɗalibaina (karo na farko ke nan da amsoshinsu suka amfani wani). Ganuwar Birni da yumɓu na gina ta, har da 'yan zanko. Tankin ruwa gwangwanin tumatir ne, itatuwa kuma soso ne na tsoma a koren fenti. Na shimfiɗa tsohon buhu a kan teburin, na zuba ƙasa ta gaske da na ɗebo a bayan gari, don kada wani ya ce ƙasar Damagaram ɗina ta jabu ce. Tasha uku na yi: Zinder, Droum da Damagaram Takaya. Daga Zinder zuwa Takaya jirgina daƙiƙa tara yake yi in akwai kuran.

'Yan fadarmu, inda muke shan shayi da la'asar, suka fara tambaya ko lafiya aka daina ganina. Da na ba su labari ɗaya daga cikinsu ya ce, "To shi jirgin nan yana ɗaukar buhun gawayi?" Aka kwashe da dariya. Na ce musu ba laifinsu ba ne, mutumin da tafiyarsa mafi nisa Mirriah ce ba zai gane zancen jirgin ƙasa ba. (Ni ɗin da nake wannan cika baki, wallahi har yau ban taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba. A telefon nake ganinsa, kamar kowa.) Rakiya kuwa abu ɗaya take faɗa in ta leƙo: "Mushe, Allah ya ba ka lafiya."

To bari in ajiye jirgi in gaya muku zancen gero, don a nan wuyana ya karye.

Mahaifin Rakiya, Baba Haru, manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Droum. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana. Yana da wani irin gero da ya gada wurin kakansa, a gidansu "mai toka" suke ce masa, saboda ƙwayarsa ba ta da hasken geron kasuwa, duhu-duhu take kamar tokar murhu. Yana nuna da wuri, kuma in ruwa ya yi fashin sati biyu ba ya sunkuyar da kai. Duk kaka Baba yakan zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau da hannunsa, ya sussuke su daban, ya gauraya da toka da ganyen dogon yaro don kada ƙwari su taɓa, ya ɗinke a ɗan buhu, tiya shida cif. Sannan ya hau mota ya kawo shi gidana.

Dalilinsa kuwa shi ne in iri yana gida, bazara ta yi tsanani, rumbu ya yi ƙasa, yara suna kuka, wani zai ce a ɗebi kaɗan a daka. Ko wani ɗan'uwa ya zo roƙo, ka kasa cewa babu. Shi ya sa manoma da yawa suke nesanta iri da bakinsu. Ranar da ya fara kawowa ya ce min, "Mushe, kai mai albashi ne, idonka ba zai kai kansa ba. Ka riƙe min sai sama ta yi baƙi." Shekara tara ina riƙe masa. Yana da wani surukin a garin nan, Ilu mai amalanke, mijin ƙanwar Rakiya, mai ɗaki biyu da 'ya'ya bakwai, amma ba a taɓa kai masa ba. Ni ma in an taru nakan san yadda na jawo zancen, in ce, "Ai irin Baba yana wurina," ina kallon Ilu ta gefen ido. Duk dangin matata wannan ɗan buhu shi ne kujerata.

Matsalar da ta taso ita ce tsakuwa. Duk layin dogo na gaskiya a kan tsakuwa yake kwance, kuma Turawan telefon sun ce wanda bai zuba wa nasa tsakuwa ba bai fara komai ba. Su a kanti suke sayen tasu, 'yar mitsi-mitsi, daidai jirgin. Ni ina zan samu? Na gwada rairayi, ya shige cikin ƙafafun jirgin yana ƙara. Na gwada tsakuwar gini, kowace ɗaya ta kai rabin tarago. Na ɗauki turmin Rakiya na zuba duwatsu na fara daka, turmin ya tsage tun daga baki har gindi. Abin da Rakiya ta faɗa a ranar ba zai rubutu ba.

Ina zaune a ɗakin na rafka tagumi, sai idona ya faɗa kan ɗan buhun Baba, yana rataye a ƙusa inda yake kullum. Wata ƙwaya ta zubo ta wajen ɗinki. Na ɗauka na ɗora tsakanin layukan dogo. Jama'a, kamar don wurin aka halicce ta! Girman daidai, launin daidai, toka-toka irin na tsakuwar da nake gani a telefon. Na je na ɗebo geron tuwonmu na gwada, sai ya yi haske, ya fito a geronsa ƙuru-ƙuru. Na Baba kuwa dutse sak.

Zuciyata ta ce, kai, amana ce fa. Ƙwaƙwalwar Mushe ta ce, gero ai gero ne. Ni da na karanta kimiyya, tsoho wanda bai taɓa zama a benci ba zai gaya min akwai bambanci tsakanin ƙwaya da ƙwaya? Camfin ƙauye ne kawai, kowa da nasa "na kaka". Na warware ɗinkin na ɗebi tiya guda, na bushe tokar a faifai. Ba ta kai ni ko Droum ba. Na ƙara ɗaya. Da na zo kwanar Takaya na ƙara ta uku, har da tara tsibi a gefen tasha don a ga kamar ana gyaran hanya. Rabin buhu ya tafi.

Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka ta masu ilimi ce. Na je kasuwa na auno tiya uku ta geron tuwo, na juye a buhun, na ɗebo toka a murhu na zuba, na sa hannu na cakuɗa, na cakuɗa, har sai da na tabbatar ba a gane na sama da na ƙasa. Na ɗinke na mayar ƙusa. Har tafa wa kaina na yi.

Saura mannewa. Turawan sun ce in ka baje tsakuwa sai ka fesa mata ruwa ta jiƙe sharkaf, sannan ka bi ta da gam mai ruwa-ruwa, in ta bushe ta zama kamar dutse. Ni ba ni da irin gam ɗinsu, amma ƙasarmu ƙasar ƙaro ce. Na jiƙa ƙaro a roba, na tsinka shi sosai, na samo abin fesa maganin sauro na wanke. A garin da famfo yake kwana uku bai ce uffan ba, ni na ƙarar da jarka guda a kan tebur. Rakiya ta tsaya bakin ƙofa riƙe da bokiti ta ce, "Ruwan girkin ne kake ba jirgi?" Na ce mata wannan fanni ne da ba za ta gane ba. Ƙasa ta sha, buhun da ke ƙarƙashi ya sha, gero ya sha. Na lulluɓe teburin duka da babbar leda don kada ƙura ta hau, na ɗora zannuwa biyu a kai, na ja ƙofa na sa kwaɗo, na jefa makulli a aljihu.

Ku lura da abin da na haɗa: ƙasa, iri, ruwa, da zafin watan Mayu a rufaffen ɗaki. Wannan darasi ni nake koyar da shi a aji, da wake a cikin gwangwani. Har maki nake rage wa yara a kansa.

Dalilin rufewar shi ne biki. Sani, ƙanen Rakiya, zai yi aure a nan cikin gari, kuma a ƙofar gidana maza za su zauna bayan ɗaurin aure, tunda ni ne babban suruki mai rumfa da kujeru. Na ƙudura a raina ranar ce zan buɗe jirgina, a gaban mutanen Droum da na birni gaba ɗaya. Kwana biyar ina ta zirga-zirgar biki, ɗauko tabarmi, kai goro, neman mai lasifika. Ban leƙa ɗakin ba ko sau ɗaya. Na gayyato diraktan lakwal ɗinmu, na gayyato 'yan fada, musamman mai tambayar buhun gawayi.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure, aka dawo aka ci shinkafa. Baba Haru yana zaune a kan tabarma cikin farar rigarsa ta zuwa Juma'a. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Mushe, gabas ta fara haɗa gira. In an watse zan wuce da ajiyata." Na ce, "Tana nan yadda kuka bar ta, Baba." Ko idona bai ƙifta ba.

Sai na miƙe na gyara babbar riga, na ce jama'a su ba ni hankalinsu. Na yi jawabi. Wayyo, na yi jawabi! Na ce al'ummar da ba ta san layin dogo ba tana nan a zamanin jaki (Ilu yana zaune a gabana, jakinsa yana ɗaure a bakin lungu). Na ce wasu sun iya shan shayi da dariya kawai, wasu kuma suna gina ƙasa. Na ce yau mutanen Droum za su ga garinsu da tasha, abin da ko a mafarki ba su taɓa gani ba. Dirakta yana gyaɗa kai, ni kuwa ina ƙara kumbura.

Mutum wajen ashirin suka biyo ni, aka ba Baba hanya ya shiga gaba. Ina buɗe ƙofa wani ɗumi ya bugo mu. Ilu ya shaƙi iska ya ce, "Mushe, ɗakin nan ƙamshin damina yake yi." Na ce masa ƙamshin fenti ne, wanda bai saba ba ba zai gane ba. Na tsaya a gaban teburin, na kama bakin zane da leda, na ce, "Bismillahi, ga jirgin Damagaram!" Na fizge.

Gona ce.

Wallahi gona ce. Tun daga tashar Zinder har Takaya, duk inda layin dogo ya bi, gero ya tsiro cunkus, tsawon ɗan yatsa, rawaya-rawaya saboda bai ga rana ba. Layin ma ba a ganinsa. A wasu wuraren saiwa ta ɗaga dogon sama ya karkace. Tsibin da na tara a gefen tasha ya zama kurmi, ya haɗiye tashar Droum har rufinta. Ganuwar Birni ta jiƙe ta zauna, duwatsun takarda sun yi furfurar ruɓa. Kan jirgin kaɗai ke leƙowa daga cikin ganye kamar ƙadangare a cikin ciyawa.

Da ina da hankali da a nan na tsaya. Amma ina! Girman kai ya ce min a ci gaba, wai ko jama'a za su ɗauka da gangan na yi. Na ce, "Wannan... wannan yanayin damina ne na nuna." Na jona kuran na murɗa na'ura. Jirgin ya yi gurnani, ya matsa kamar taki guda, ya tattaro ganye a ƙafafunsa, ya yi tsalle ya kwanta a gefe yana ta wulwula ƙafa a sama.

Ilu ne ya fara. Ya ce, "Mushe, ai ba a sa jirgi a gona sai an yi noman firi. In kawo hauya?" Ɗakin ya fashe. Mai buhun gawayi ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe ciki. Wani tsoho daga Droum ya ce shi dai ya gode, an yi musu tasha har da abincin fasinja. Dirakta ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Waɗanda ke waje suka ji ihu suka turo, mata suka leƙo ta taga, har na ji muryar Rakiya tana cewa, "Ruwan girkina ke nan!"

Duk wannan da sauƙi. Dariya ce, ana yi a gama. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba.

Baba Haru ya sunkuya a kan teburin, ya sa yatsu biyu ya ciro tsiro ɗaya a hankali, kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Ya kai shi bakin taga. Ƙwayar tana nan manne a gindin saiwar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙusa.

"Ilu, sauko min da buhun can."

Dariyar ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, don manoman da ke wurin sun riga sun gane. Ilu ya sauko da shi. Baba ya duba ɗinkin, ya ga ba nasa ba ne. Ya warware, ya nutsa hannu har wuyan hannu, ya ɗebo, ya hure tokar. A tafinsa ga mai toka ga geron kasuwa, sun cakuɗe kamar shinkafa da wake. Ya sake nutsa hannu ta wani gefen, har gindin buhun. Duk ɗaya.

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, tiya uku ce kawai, kuma na mayar, ban rage ko ƙwaya ba."

Ya ce, "Na gani ka mayar."

Na ce, "Na ɗauka gero... duk gero ne."

Wani daga cikin tsofaffin ya ce, "Subhanallahi." Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin daɗi. Ya ce, "Mushe, da ka ɗiba ka bar min sauran yadda yake, da na ce yaro ya yi ɓarna, in shuka rabi in gode Allah. Wanda ka zuba a tebur ya kashe rabi. Wanda ka zuba a buhu shi ya kashe sauran." Ya kakkaɓe hannunsa a cikin buhun don kada ƙwaya ta faɗi ƙasa. "Na kai shi inda ba yunwa don kada a ci. Ashe akwai abin da ya fi yunwa."

Ya fita. Jama'a suka bi shi sumui-sumui, ba mai kallona. Aka bar ni a durƙushe, jirgi yana ta wulwula ƙafa, don ko kashe kuran ban tuna ba.

Rakiya ba ta yi min faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Washegari da safe ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye buhun da faifai biyu, ta ce, "Zauna, mai kimiyya." Muka fara tsince mai toka ƙwaya ɗaya-ɗaya. Wanda bai taɓa tsintar gero daga cikin gero ba bai san girman tiya ba. Na sa tabarau, na ɗauko ɗan hantsakin da nake gyaran jirgi da shi. Kwana uku muna yi, in na dawo daga lakwal in zauna har magariba, wuyana ya ƙage, idona yana ganin ƙwaya ko na rufe shi. A rana ta uku ruwan shuka ya sauka. Abin da muka tsince bai cika kwanon sha ba.

Ni na kai masa da kaina a babur, cikin taɓo. Na same shi a bakin gona. Ya karɓi ƙullin ya auna a hannu, ya ce, "Allah ya yi albarka." Wannan ɗan kwanon ya shuka shi a wani lungu bayan gida, nesa da kowace gona, yana gadinsa kamar jinjiri. Babbar gonar kuwa dole cakuɗaɗɗen ya zuba mata, don shuka ba ta jiran kowa. Da na koma cikin damina na ga aikina da idona: wani dogo wani gajere, wani ya fitar da kai wani ko niyya bai yi ba. Ruwa ya yi fashi a tsakiya, na kasuwa ya kwanta. Wanda ya nuna da wuri tsuntsaye suka taru a kansa, tunda shi kaɗai ne a fili. A ƙauyen har suna aka sa mata, gonar Mushe. Rumbun Baba bai kai rabi ba a shekarar. Na aika da buhunan hatsi, ya karɓa ya yi godiya, ya sa aka raba wa gidan. Hatsin ci ne, ba shi ne abin da na ɓata ba, ni da shi duk mun sani.

Da kaka ta yi, wata la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga amalanken Ilu ya shigo lungunmu. Baba yana zaune a baya, da ɗan ƙulli a cinyarsa wanda bai fi kan jariri ba, abin da lungun bayan gida ya bayar. Na miƙe da sauri, har na fara gyara murya. Suka tsaya. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Rakiya da yara, ya sa min albarka. Sannan ya ce, "Mu je, Ilu." Ina tsaye ina kallo amalanken ya yi kwana ya nufi gida mai ɗaki biyu da 'ya'ya bakwai, inda ake kwana da yunwa wani lokaci. Shekara uku ke nan irin yana can, kuma an ce ko ƙwaya ba ta taɓa ɓata ba. Bana ya koma tiya shida.

Jirgin yana nan, na sake gina shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Tsakuwar yanzu da guduma nake fasa ta a bayan gida, in tankaɗe da rariya (tawa ta kaina, na saya). Yana zuwa Takaya ya dawo lafiya lau. Sai dai in na murɗa na'urar ni kaɗai nake kallo, kuma duk ranar da Ilu ya wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Mushe, yaushe girbi a tasha?" Ina amsa masa da "Sai an yi ruwa," don wanda ya ce wa mutane suna zamanin jaki ba shi da bakin yin fushi.

Da Sallar da ta wuce Baba ya zo gari. Za mu shiga masallaci, ya tsaya zai gyara alwala, yana waige-waigen wanda zai riƙe masa sandarsa. Ni ne kusa da shi. Na miƙa hannu biyu. Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya jingina ta da bango.

Abin da na koya dai shi ne, in tsoho ya ce maka wannan geron daban ne, ka ce to, ko da kai ne ka rubuta littafin kimiyya. Ban da haka ka zama mutumin da bango ya fi shi riƙon amana.